Rumbun da Bai Wuce Ƙirji Ba

Zuwa ga kakana Arzika magini, wanda ƙauyenmu ya fi sani da Arzika Mai Doguwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan makwancinka ya yi maka faɗi da sanyi, ina sanar da kai cewa mu nan Dogon Dutsi muna lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kaka ta yi, Kaka. An fara yankan hatsi daga Tibiri har Gesheme, amalanke sai kai da kawo suke yi da damma, jakuna sun rame, masu su sun yi ƙiba.

Na san ba ka karanta boko, kuma inda kake ba a kai wasiƙa. Amma an daɗe ana yin maganarka a gabanka kamar ba ka nan, to yau bari in yi maka magana kamar kana nan. Akwai kuma mutane da ke leƙen wannan takarda ta cikin wayoyinsu. Ka yi haƙuri da su. Na san yadda kake da kallo.

Dalilin wannan wasiƙa Ramatu ce, ɗiyata ta fari. Ba ka san ta ba, an haife ta bayan ka daɗe da tafiya. Ta yi karatun gini a Yamai, ginin ƙasa kuwa, irin naka. E, mace. Kwanta abinka, zamani ne. An zaɓe ta cikin waɗanda za su je wani babban baje-kolin duniya a wani birni can gabas, bayan teku. A zauren ƙasarmu ana so ta gina rumbu irin na Arewa, a gaban baƙi. Ta ce ba ta tafiya sai da izinina, kuma da gaske take, don taurin kan uwarta ta ɗauko. Masu shirin suna jiran amsarta, ita tana jiran tawa, ni kuma ga ni ina rubuta wa mamaci.

Da farko na yi murna. Har na fara tunanin wa zan fara gaya wa a majalisarmu don ya ji haushi. Sai ta ƙara wata magana, tana dariya, tana gyara kallabi: "Baba, sun ce zai fi kyau a bar shi rabi, don baƙi su riƙa ganin yadda ake yi."

Shayin da ke hannuna ya huce ban kurɓa ba.

Ita ba ta san komai game da kai ba sai labarin Doguwa, wanda kowa ya sani, don shi ne mai ban dariya. Bari in maimaita shi saboda masu leƙe. Kana saurayi, da sabon aure, kumandan, Baturen mulkin yankinmu, ya biyo ta ƙauyenmu rangadi, ya ga rumbun da ka gina wa mai gari, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa shi da sanda. Ba a jima ba gardi, dogarin kumandan, ya zo da saƙo cewa ana neman maginin a ƙasar Nasara. A lokacin ba a tambayar mutum ko yana so. Ka tafi a ƙafa, ka shiga mota, ka shiga jirgin ƙasa, ka shiga jirgin ruwa, ka yi aman da ka ce har abincin sunanka sai da ya fito. Ka bar matarka Hajo da ciki.

Da ka dawo, dattawa suka zaunar da kai suka ce ka faɗi abin da ka gani a Paris. Kai kuwa ka rasa sunan da za ka ba hasumiyar ƙarfen nan tasu, sai ka ce: "Na ga doguwarsu. Ta ƙarhe ce, tana tsaye tsakiyar gari, kanta cikin hadari." Mu a Arewa in an ce Doguwa ai ba tsawo ake nufi ba, iska ake nufi, wadda ke zaune a kuka da tsamiya, wadda ake yi wa yanka, wadda ke hawan mutum ta kayar da shi. Wata tsohuwa 'yar bori ta matso ta tambaye ka wace irin dabba ake yanka mata, baƙa ko fara. Ka ce: "Ba ta shan jini. Fenti taka sha." Aka tambaye ka wa take hawa. Ka ce: "Can ba ita ka hawan mutane ba, mutane ka hawanta. Har da yara."

Hajo ta ce a ranar wani tsoho ya cire hularsa ya ce to yanzu ya gane yadda aka yi Nasara suka ci ƙasa: mutanen da yaransu ke hawan Doguwa, wa zai tare su da kibiya? Mai goge ya yi wa Doguwar Nasara kiɗa nata na kanta, ko da za ta biyo ka. An ce ya yi shekaru yana goga shi a wasan bori, ba ta taɓa sauka ba. Na sha tsokanarka ko kai ma ka hau. Kullum amsarka ɗaya: "Ni dai ban hau ba. Ban san ta ba, ba ta san gidanmu ba."

Wannan shi ne rabin da ake ba yara. Ɗaya rabin a gutsure na same shi, wani daga bakin Hajo tana tsinke zogale, wani daga bakinka in zazzaɓi ya kwance maka harshe, sauran daga littattafai.

Na yi shekaru ina koyar da tarihi a kwalej, don haka bari in gaya maka abin da aka kai ka, tunda su ba su ga dalilin gaya maka ba. Ingilishi ne suka fara abin da girma. Suka gina wani makeken gida na gilashi a birninsu, suka tara injuna da yadi da hauren giwa da duk abin da jiragensu suka kwaso, suka ce duniya ta zo ta gani. Faransawa ba su iya ganin maƙwabci da sabuwar riga su yi barci, sai Paris ta karɓe sana'ar, ta yi, ta sake yi, ta kuma yi. Kowane karo a tayar da gari guda na fadoji a bakin kogi, a nuna wutar lantarki, a nuna hanyar da ke tafiya da mutum yana tsaye, jama'a su yi ta tururuwa wata da watanni, sannan a kawo guduma a rushe. Doguwar taka ma ƙofar shiga ce ta ɗaya daga cikin bukukuwan, da niyyar a kwance ta bayan wasu shekaru. Ta ƙi tafiya. Ka ga ashe mutanen ƙauyenmu ba su yi kuskure ƙwarai ba.

Tun ana nuna kaya, sai masu shirin suka lura cewa ɗan Adam yana gajiya da kallon inji, amma ba ya gajiya da kallon ɗan'uwansa. Sai aka fara kawo mutane. A kafa bukkoki, a ja igiya, a ce ga ƙauyen baƙar fata, ku daka, ku yi saƙa, ku yi rawa, ku shayar da jarirai. Naka bikin shi ne wanda aka yi musamman don ƙasashen da suka mallaka, a wani daji da ke gefen gabas na birnin, kewaye da tafki. Sun yi talla cewa mutum zai zaga duniya a yini guda ya koma gida ya ci abincin dare. Sun gina wata babbar fada ja mai kama da ginin ƙasarmu. Kai ka taɓa ce mini ka ƙwanƙwasa bangonta ka ji ta amsa kamar ganga: katako ne aka shafe.

A gindin wannan fada aka ba ka wuri, aka ba ka laka, aka ba ka ciyawar da ka ce ta bargar dawaki ce. Lakar ma ka raina ta: "Ba ta da ƙamshi, gara ba ta taɓa lasarta ba." Duk da haka ka jera duwatsun gindi, ka shimfiɗa daɓe, ka shiga ciki ka fara ɗora bango, zobe bisa zobe, kamar yadda ubanka ya koya maka. Don masu leƙe da suka tashi a gidan siminti: maginin rumbu daga ciki yake aiki. Bango yana tashi kewaye da shi, ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, ya wuce kai, ya tattaro ya zama baki. Ta wannan bakin magini ke fitowa da tsani. Sai a jefa zangarniyar hatsi a ciki, a kifa masa hular ciyawa. A gidanku doka ce, ba a barin rumbu rabi, ba a kuma rufe shi wayam.

Da bango ya kai maka ƙirji sai mai kula da ku ya zo da tafinta, ya ce ya isa haka. In ya ƙara tashi baƙi ba za su gan ka ba. Amma kuma kar ka daina aiki, don aikin suka zo gani. Saboda haka kullum kana ɗora zobe, in an tashi sai wani ma'aikaci ya zo da cebur ya sare abin da ka ɗora, a jiƙa lakar, gobe ka sake ɗora ta. Laka ɗaya. Daga farkon damina har kaka.

Na sha ƙoƙarin kwatanta abin a raina. Mutum tsaye cikin tukunya har ƙirji, hannu cikin taɓo, igiya a gabansa, bayan igiyar kuwa kogin fuskoki yana wucewa, masu hula, masu lema, yara a kafaɗar iyaye. Sau ɗaya tak ka yi mini maganar kai tsaye. Ina saurayi lokacin, na fara karatun da ke sa yaro fushi, ina so ka ce an wulaƙanta ka don in ji daɗin fushina. Ka ce: "Ba su zage ni ba, ba su buge ni ba. Abinci ma har da nama. Kallo kawai sunka yi." Ka duba tafin hannunka, ka ƙara: "Ido shina da nauyi, ɓarawon matata. Kai dai ba a taɓa aza ma shi ba."

A wannan shekarar fara ta sauka a ƙasarmu. Littattafai sun rubuta ta, tsofaffi ba su buƙaci littafi ba. Ta cinye hatsi tun yana tsaye, ta bar kara. Hajo ta haihu ana tsakiyar noma, aka sa wa yaron Nomau. Nono ya ƙafe. Kai kana can kana gina rumbun da ba a yi niyyar zuba komai a cikinsa ba, nan kuwa rumbunan da ka gina da gaske sun zama wayam, mata na shiga ciki da tsintsiya suna share daɓe ko za a sami tsaba. Da ka iso gida da babbar rigar sanyi da aka ba ka, an nuna maka wani ɗan tudu bayan gari. Ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Dubban mutane sun ga taka, kai ba ka ga ta ɗanka ba.

Hajo ta ce ba ka yi kuka ba. Tambaya ɗaya ka yi, wa ya san ranar da farar ta sauka. Kana so ka gwada da ranar da aka tsayar da kai a ƙirji. Malamai sun gaya maka, bayan ka kama salla, cewa fara rundunar Allah ce, ba ruwanta da rumbun wani a Paris. Ka ce haka ne, ka gode. Ni ma da na yi karatu na zo maka da bayanin iska da ruwan sama da inda fara ke ƙyanƙyasa. Ka ce haka ne, mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan. Daga ni har malaman ba wanda ya fitar da kai daga cikin tukunyar nan.

Na tashi na tarar da kai mutum mai ba'a, mai ƙwace mini tuwo da cewa na ƙwace maka mata. Amma ba ka cin abinci a ƙofar gida kamar sauran maza, sai a ɗaki, fuska ga bango. In mai hoto ya shigo ƙauye ranar salla, kai ka tafi duba gona, ko da rani ne. In kana gini, daga gindi zuwa ƙirji ba ka magana da kowa, sai sauri kake yi, masu miƙa laka suna haki. Da bango ya rufe kanka sai a jiyo waƙa tana fitowa daga ciki. Mutane suna cewa Doguwar Nasara ce ke sakinka in ka ɓuya mata. An so a yi maka girka irin ta bori, ka ƙi. Ni yanzu ina ganin sun gane cewa wani abu ya hau ka, sunan ne kawai suka ba hasumiyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Shekarun baya an tura mu wani kwas na malamai a Paris. Na hau ta, Kaka. Na bi layi kamar kowa, wani akwati ya ja mu sama. Ba ta ce mini komai ba, kuma har yanzu fenti take sha. Washegari na nemi dajin nan. Tafkin yana nan. Ciyawa shar, mutane na gudu ba mai korarsu, karnuka sanye da riguna da suka fi ta wasu ɗalibaina. Daga duk garin da aka tayar, gini ɗaya ya rage a bakin ƙofa. An sassaƙa mutanenmu a jikin bangonsa tun daga ƙasa har sama, masu ɗaukar kaya, masu sara, masu jan taru. Na duba da kyau, ban ga wanda aka sassaƙa yana zaune ba.

Na yi ta yawo ina neman inda aka tsayar da kai. Ba alama, ba wanda zan tambaya. Na gaji na tsaya a wani fili kusa da ruwa. Da rana tsaka ne, ba abin tsoro. Sai wata yarinya da uwarta ke ja ta waiwayo ta zuba mini ido, irin kallon yara, ba mugunta. Ta yi ta kallo har suka yi nisa. Da na farga, hannuwana biyu suna ɗage daidai ƙirjina, yatsu a tanƙware, kamar na dafa bakin wani abu. Ban san lokacin da na ɗaga su ba. Na sa su aljihu na nemi hanyar masauki. Tun daga ranar, duk rumbun da na gani rabi a hanyar Sukukutane ko bayan gari, sai na kawar da kai, don na san wanda zan gani a ciki.

Ka ga abin da ya sa shayina ya huce.

Ban ce zamaninka ne nata ba. Yanzu kowace ƙasa ita ke gina zaurenta, ta yabi kanta da bakinta, har waɗanda ba su da abin yabo. Da na fara inda-inda, Ramatu ta ce: "Baba, ni fa ba gardi aka aiko ya ɗauke ni ba, ni na nema. Kuma sunana za a rubuta a bango." Wannan ta gama da ni, don na bincika littattafai da hotunan bikinku iya iyawata ban ga inda aka rubuta Arzika ba. Amma har yanzu wata shida ake yi a rushe, har yanzu akwai igiya, sai dai ta yi laushi, kuma kowane mai kallo yanzu da ido na uku a hannunsa. Kuma har yanzu, bayan duk shekarun nan, an sami wani mai hankali a ofis da ya zauna ya yi tunani ya ce zai fi kyau a bar shi rabi.

Shekaranjiya na je ƙauye. Rumbunka na ƙarshe yana nan bayan gidan Baffa, ana yi masa yaɓe duk shekara, ya ɗan karkata kamar yadda ka yi a ƙarshe. Na sa tsani, da wannan tumbin nawa, yara na dariya, na ɗaga hular na leƙa. Waje ka shafe sumul saboda mutane. Ciki kuwa ka bar shi yadda yake, sawun yatsunka zobe bisa zobe har baki. Daga ƙasa zuwa ƙirji a ƙuntace suke, a gaggauce. Daga nan zuwa sama sai suka baje, suka yi faɗi, kamar hannun wani mutum dabam. Na daɗe a kan tsanin har Baffa ya tambaya ko na maƙale. Na zaro zangarniya ɗaya daga sabon hatsi na sauko.

Ga abin da na yanke, kuma kai na fara gaya wa. Zan zaunar da ita in ba ta ɗaya rabin labarin, da cebur, da Nomau, duka. Sannan in ce ta tafi. Sharaɗina ɗaya ne, ta gaya musu tun daga nan: za ta gama shi. Su kalle ta daga gwiwa zuwa ƙirji, su ɗauki hoto har wayoyinsu su cika. Amma bango zai wuce kanta, za ta ɓace musu, su tsaya bayan igiyarsu suna kallon laka. Ta fito ta baki, ta jefa zangarniyar nan, ta kifa hula. Yadda za ta wuce da ita gaban 'yan duwan na can, masu binciken kayan matafiya, wannan ya rage tsakaninta da kallabinta. In sun ƙi sharaɗin, ta zauna gida, rumbunan da ke jiran magini a Arewa sun ishe ta. In sun yarda, to bayan nan su kawo gudumarsu. Wanda aka gama, in an rushe shi, ba ni da abin cewa.

Na san liman zai karanta wannan ya kira ni gefe ya tuna mini cewa kana kabarinka, ba ka cikin wani rumbu a ƙasar Nasara. Haka ne, na gode. Amma ranar da yarinyar nan ta sa ƙafa a tsani, Kaka, ka biyo bayanta. Ka fito ta baki, ka wanke hannu. An tashi daga aiki.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya jiƙan Hajo. Allah ya haɗa ka da Nomau, ka ga fuskarsa, ka kalle shi iya son ranka. Allah ya kai Ramatu lafiya ya dawo mana da ita tana cin tuwonta a tsakar gida. Ya tsare rumbunanmu daga fara da wayam. Kai kuma, inda kake kwance, Allah ya sa kada wani ido ya sake sauka a kanka sai na rahama. Amin.

Ni ne jikanka,
ɓarawon matarka, wanda har yau bai mayar ba,
Mushe Sani, Dogon Dutsi.